Kafin Mu Kai Baikon Godiya

'Yan'uwa a cikin Almasihu, mu da muke bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara mun san darajar dawowa gida lafiya. Tun Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, uwa ba ta runtsawa sai ta ƙirga 'ya'yanta.

To, me ya sa wanda muke roƙon Allah ya tsare a hanya, shi ne muke gaba da shi saboda iyakar gona ko bashin taki? A Matiyu 5, Yesu ya ce sulhu ne farko, sannan baiko. Kafin mu kai buhun masara sujadar godiya, mu biya ta gidan wanda muka ɓata wa rai, mu nemi gafara. Ubangiji ya taimake mu. Amin.