Maganin ƙara girman kankana: a gwada a layi biyu kafin a fesa wa lambu duka

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook a lokacin noman rani ya san irin bidiyon nan: mutum ya ɗaga 'yar kwalba, ya nuna kankana kamar tulu, ya ce sirrin yana cikin ruwan. A Mandera da sauran ƙauyukan Bodinga da Shagari, sau da yawa matashin da ke riƙe da babbar waya shi ne ke kai wa baba ko kawu wannan labari. Idan kuɗin taki ya tafi a kwalba, da bakinsa aka yi asarar.

Ɗaya daga cikin sinadaran da ake sayarwa don wannan aiki shi ne brassinolide, kuma ba ƙarya ba ne. Shuka da kanta take samar da shi a jikinta. A shekarar 1979 masana a ma'aikatar noma ta Amurka suka tace shi daga ƙurar furen wata shuka dangin kabeji. Yana sa ƙwayoyin halittar shuka su rabu su miƙe, yana taimaka wa fure ya kama 'ya'ya, yana kuma ƙara wa shuka juriyar zafi da ƙishirwa. A Sin da Indiya ana fesa shi ga inabi da tumatir. A Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, dole wannan ya ja hankalin mai lambu.

Sai dai abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, sinadarin umarni ne yake ba shuka, ba abinci ba ne. Sabunta manhaja ba ya tayar da wayar da batirinta ya mutu. Haka lambun da ba ya samun ruwa da taki, feshi ba zai cece shi ba. Sannan ɗan mitsitsi ake buƙata. Al'adar nan ta "ƙara murfi ɗaya don ya yi ƙarfi" tana iya daƙile saiwa maimakon ta taimaka.

Masu haɗa manhaja ba sa sakin sabon aiki ga kowa lokaci guda, sai sun gwada da mutane kaɗan. Mai lambu ma haka ya kamata ya yi. Ya ware layi biyu na kankana ya fesa daidai ma'aunin da ke jikin kwalba, ya bar biyu na kusa da su ba feshi. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Matashin ya riƙa ɗaukar hoto duk mako daga wuri guda, ya ƙirga 'ya'yan da suka kama, ranar tsinka a ɗora a sikeli, a rubuta a Google Sheets ko a littafi. Idan ƙarin da aka samu bai biya kuɗin kwalba da wahalar feshi ba, magana ta ƙare.

Kafin saye kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a nuna wa malamin gona. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, a bar wa mai ita.

Wayar da ta kawo tallar ita ce za ta iya tantance shi. Kankanar bidiyo a gonar wani ta fito. Ta Mandera ce za a ɗora a sikeli.