Zaman Farko da Malami Mai Duba Kundi

Ɗalibin da ya ga sunansa cikin waɗanda aka ɗauka karatun digiri na biyu ko na uku yakan ɗauka cewa wuya ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Takardar shiga jami'a kujera kawai take bayarwa. Shekarun da za a kwashe kafin a kare kundi kuwa, sau da yawa a zaman farko da malami mai duba aiki ake yanke su.

Batun ya fi shafar ɗan Garwa mai sha'awar nazarin Hausa. Jami'ar Garwa sabuwa ce, a 2022 aka kafa ta, saboda haka mai neman malamin da ya daɗe yana duba kundaye yakan nufi Ngaundere ko Marwa, ko ya tsallaka iyaka zuwa Maiduguri, Kano ko Zariya. Tafiya ce mai cin kuɗi. Asara ce a yi ta domin gaisuwa kaɗai.

To, gaisuwar ce matsala. Tarbiyya ta koya wa ɗalibi ya durƙusa ya ce "Allah ya gafarta Malam", ya sunkuyar da kai, ya amsa kowace magana da "to". Ladabi ne, kuma ba a son a yar da shi. Amma wanda ya fita ofis bai tambayi komai ba, an ɗora masa batun da bai zaɓa ba ke nan, sai bayan shekara ya gane ba zai iya ɗauka ba. Akwai tambayoyin da ba su saɓa wa kunya ba: sau nawa za a riƙa haɗuwa, babi nawa Malam yake so a kawo a lokaci guda, kuma da wane harshe za a rubuta kundin. Ta ƙarshen nan ba ƙarama ba ce ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci, alhali manyan littattafan fannin, daga ƙamus na Bargery na 1934 zuwa nahawun Paul Newman na 2000, da Ingilishi suke.

Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya riƙo a hannu shi ne shafi ɗaya, ɗauke da tambaya ɗaya ƙarama. "Hausa a Kamaru" ba batun kundi ba ne, teku ce. Amma yadda Hausawan Garwa, waɗanda ke zaune cikin masu Fulatanci, suke bambanta namiji da mace a maganarsu, ko kalmomin Faransanci da suka ara a inda Bakano ya ari na Ingilishi, wannan abu ne da za a iya tattarawa a auna. A nan ɗan Garwa ya fi malaminsa na Kano kusa da rijiya. Idan ya zo da hirar minti goma da ya naɗa a waya da izinin masu maganar, ya rubuta ta da daidaitacciyar ƙa'ida, malamin zai ga kunnensa da hannunsa tun ranar.

Sai kuma karanta abin da malamin ya rubuta, ko da maƙala biyu ce. Ba don a yi masa kirari ba. Malamai suna gane yabon wanda take kawai ya karanta. Manufar ita ce a san ko masanin tsarin sauti ne ko na adabin baka, domin kada a kai wa mai nazarin karin sauti kundi a kan tatsuniya. In an ga hanya ba ɗaya ba ce, neman a sauya malami a makon farko ya fi sauƙi nesa da nemansa bayan an rubuta babi uku.