Wai a Texas ba a biyan haraji

Tun farkon makon nan wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp, kuma ta hannun mutanen da nake ganin girmansu ya iso mini, shi ya sa na kasa kawar da kai. Wani ɗan'uwanmu ne mazaunin Amurka yake ba masu shirin tafiya shawara: kowa ya nufi Texas, wai a can gwamnati ba ta karɓar haraji, California kuwa tatsar mutane ake yi. Masu turawa har da ƙarin gishiri, wai ga shugabannin da suka san tausayin jama'a, ina ma namu za su yi koyi.

Gaskiya ne jihar Texas ba ta taɓa albashin ma'aikaci. A 2019 ma masu zaɓe suka sa haramcin hakan cikin kundin tsarin mulkin jihar. Florida da Nevada da Tennessee da wasu 'yan jihohi ma ba sa cirewa. Gwamnatin tarayya kam tana cire nata duk inda mutum yake, amma mu bar wannan. Tambayar da mai saƙon ya tsallake ita ce: da me ake biyan malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a Houston? Daga sama kuɗin ke faɗowa?

Daga gida suke fitowa, da kuma kanti. Duk abin da ka saya, in ban da yawancin kayan abinci da magani, jiha na ɗora kashi 6.25 cikin 100, birni da sauran hukumomin yanki su ƙara har ya kai 8.25. Sai harajin gida, wanda ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu ke karɓa duk shekara, kuma na Texas yana cikin mafi tsada a ƙasar. A ce magidanci ya mallaki gidan dala 300,000, aka yanka masa kashi 1.8: dala 5,400 ke nan a shekara, ko yana da aiki ko an sallame shi. Harajin albashi dai in babu albashi babu shi. Na gida kuwa ba ya jin an rasa aiki, ba ya jin an yi jinya. Ɗan haya ma bai tsira ba, mai gida na zuba nasa cikin kuɗin haya, ya biya bai sani ba. Kukan masu gidaje ne ya sa a 2023 jihar ta ƙara rangwame a kan gidan da mutum ke zaune ciki da kansa.

California da ake tsorata mutane da ita fa? Kashi 13.3 da ake ta ambata na wanda samunsa ya haura dala miliyan 1 a shekara ne. Matakin farko kashi 1 ne, yana hawa gwargwadon samu. Harajin gida kuma tun 1978 doka ta taƙaita shi a kashi 1 na ƙimar gidan, ƙimar ma ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara muddin gidan bai sauya hannu ba. Cibiyar ITEP, wadda ke haɗa duk harajin jiha da na ƙananan hukumomi ta auna shi da samun iyali, ta nuna a rahotonta na 2024 cewa iyalin da ke tsakiya na biyan kusan kashi 10 na samunsa a jihohin biyu duka. Bambancin yana can sama: attajiran da ke ƙololuwa suna biyan kusan kashi 12 a California, a Texas ko kashi 5 ba su kai ba. To, da Elon Musk ya tattara ya koma Texas, ya kuma mayar da hedikwatar Tesla birnin Austin a 2021, ya san lissafinsa. Ma'aikaciyar jinya da direban tasi da suka bi sahunsa da sunan gudun haraji, lissafin wani suka ara. Na yarda gida a California tsada gare shi ta fitar hankali, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ƙaura. Amma a kira shi tsadar gida.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa namu su yi koyi. Koyi da me? Ai mun riga su. A nan Najeriya dokar harajin albashi ta tarayya ce, ma'auni ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, jihohi ne ke karɓa daga mazaunansu. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, sannan a fara da kashi 15. Don haka malamin sakandare a Kaduna da takwaransa na Kano masu albashi ɗaya, abin da ake cire musu ɗaya ne. Bambancin jihohi yana wurin da takardar albashi ba ta nunawa: kuɗin ƙasa, sabunta takardun mota, rasit ɗin da ake yanka wa matarsa a rumfar kasuwa, da na ɗan Keke da ke ƙarewa a kuɗin kai yara makaranta. Kowace jiha da nata salon, kowace kuma tana alfahari da cewa kuɗin shigarta ya ƙaru.

Mu tuna 1979. Da gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, hujjar ita ce ba a yanka wa mai buhu ɗaya abin da aka yanka wa mai rumbu goma. Yau an dawo da abin ta ƙofar baya, an rarraba shi ƙanana-ƙanana, an ba matasa riguna masu ƙyalli su tsaya a titi. Kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa kullum suna nuna cewa harajin da ake cirewa daga albashi shi ne kaso mafi girma na harajin da jihohi ke tarawa. Ma'aikaci ne ba ya iya ɓuya. Ɗan kasuwar da ke juya tirela ashirin ya san wanda zai gani a daidaita.

Mutumin Houston da ya biya dala 5,400 aƙalla zai tura ɗansa makarantar unguwa kyauta, ya buɗe famfo ruwa ya zo. Namu an cire masa a albashi, an tare shi a titi, sannan ya biya makarantar kuɗi, ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa, ya haɗa kuɗin 'yan sintiri a ƙarshen wata. Ina so gwamna ɗaya, ɗaya tak, ya sa a buga jerin duk abin da jiharsa ke karɓa daga iyalin da ke samun naira 250,000 a wata, da sunan kowane kuɗi da ofishin da yake shiga, mu ajiye kusa da na jihar maƙwabta mu gani.