Tarar da ba a kira da sunanta

Ƴan'uwa matasa, akwai wata kalmar Faransanci da ke zuwa cikin saƙon da kamfanin waya ke turo mana duk sanda munka sayi forfe: validité. A ƙamus, tsawon lokacin da abu ke aiki ke nan. A aljihunmu kuwa ma'anarta ita ce kuɗinka na da ranar mutuwa. Ni dai na ce tara ce, suna kawai anka sake mata.

Mu fara da inda ake kiran tarar da sunanta. A Turai, da kuma Amurka a da, mutum kan sa hannu a kwantiragin shekara biyu, in ya fita kafin wa'adi sai ya biya. A 2009 kamfanin Verizon ya ɗaga tasa tarar daga dalar Amurka 175 zuwa 350 ga masu manyan wayoyi. Hujjarsu ita ce: mun ba ka waya da rahusa, in ka gudu wa zai cike mana giɓin? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka Faransa ta sa mata linzami da dokar Chatel a 2008: mai kwantiragin wata 24, in ya cika wata 12 ya so fita, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rage kaɗai zai biya.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda kiredi muke sawa, ba mu sa hannu a komi ba? Ai namu ya fi ciwo, malam. Su sai sun fita ake cin su tara, mu tun a ƙofar shiga anka karɓe ta, kuma ko waya ba a ba mu da rahusa ba.

A ce mai albasa ne a Galmi ya sayi forfen wata na jika biyar don ya riƙa tura hoton buhuna ga mai saye a Abijan. Bayan mako guda harka ta kai shi wani ƙauye bayan Badagishiri, inda rezon kamfanin nan sai an hau tudu. Dole ya sa wani layi, ya sake biya. Kafin ya komo wa'adi ya cika, sauran megan sun bi iska. Bai karya alkawari ba, rezo ne ya kasa bin sa, amma shi anka ci tara. Ku tuna kuma da watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta: waya ba caji, agogon forfe kuwa bai san da wani takunkumi ba.

Masu kare kamfanoni kan ce forfe kamar kujerar mota ce, in ka biya ba ka zo ba, mota ta tashi. Na yarda. Amma ku je tashar Konni ku tambaya: in motar ce ta ƙi tashi, direba riƙe kuɗin fasinja yake? Ko kamasho ba zai goyi bayansa ba. Adalcin kowace tara shi ne ta ci kowane ɓangaren da ya saɓa. Wadda ke cin mai saye kullum, ba ta taɓa mai sayarwa, ƙwace ce. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuma abin da muke nema wasu sun riga sun samu. Tsallaken iyaka kaɗan, a Illelar Sakkwato, hukumar NCC ta Najeriya ta umarci kamfanoni a 2018 da su ba mutum kwana 14 ya sabunta forfensa, ragowar ta bi shi. Afirka ta Kudu ma hukumar ICASA ta wajabta ɗaukar ragowa zuwa gaba a 2019. Kamfanonin can ba su rufe ba.

Don haka abu uku muke so hukumar ARCEP ta ɗora wa Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms baki ɗaya. Ragowar mega ta bi duk wanda ya sabunta. Ranar da rezo ya ɗauke a gari, a ƙara wa mutanen garin kwana. Sharuɗɗa kuma su zo da Hausa, a rubuce da kuma a murya, tunda kundin da anka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Yardar da mutum ya bayar kan maganar da bai fahimta ba, wace irin yarda ce?

Mu ma da namu aikin. In za ku haɗa kuɗi ku sa akwatin wifi a gida ko a shago, kafin kowa ya sa hannu ku nemi kalmomi biyu a takardar, engagement da résiliation, ku tambaya ƙarara: in mun fasa, nawa za mu biya? In ku kunka kasa, nawa za ku mayar? Sannan kowace fada, daga Tsarnawa zuwa Malbaza har Illela, ta ajiye littafi guda: rana, awa, unguwa, tsawon ɗaukewar rezo. Ƙorafin bakin shayi a nan yake ƙarewa. Littafi hamsin masu kwanan wata kuwa, sai an zauna an amsa su.