A Sigidin, tun daga goyo ake barin ɗiya mace a baya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Libiya ya san Sigidin. Shi ne gari na ƙarshe a arewacin Kawar, cikin gundumar Bilma ta jahar Agadas, fiye da kilomita 100 gaba da Dirku. A nan hanya take rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Jado, ɗaya ta miƙe zuwa Madama da iyakar Libiya. Barebari da Tubawa ne mutanen garin, gishiri da dabino kuwa su ne arzikinsu tun kaka da kakanni.

Idan ana zancen karatun ƴaƴa mata a Nijar, hankalin hukuma da na masu ba da agaji yakan tafi ga kwalej da auren wuri. Amma a gari irin Sigidin, tazarar da ke tsakanin ɗa namiji da ɗiya mace takan soma tun kafin su ga ƙofar lakwal. Maza ba mazauna gida ba ne: wasu suna bin mota, wasu suna fatauci, wasu kuma zinariyar Jado da ta bayyana a 2014 ta kwashe su. Ɗiban ruwa, girki da hidimar dabino sun rage a wuyan mata. Ba kuwa raggaye ba ne, domin an san matan Tubawa da jan ayarin raƙuma su kaɗai har Bilma lokacin kakar dabino. Sai dai uwa hannu biyu gare ta. Idan aiki ya yi yawa, wa za a ɗora wa jariri? Yarinya ƴar shekara shida ake ɗora wa, alhali sa'anta namiji ya rataya jakarsa ya tafi aji.

To, a yi lissafi irin na kasuwa. Firamare shekara shida ce, kwalej shekara huɗu. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya tana da shekara shida za ta gama firamare tana da 12, ta kai jarrabawar birbe tana da 16. Wadda goyon ƙanne ya riƙe har ta kai shekara tara, sai tana da 15 za ta gama firamare, idan ma ba ta maimaita aji ba. Shekara 15 kuwa ita ce wadda dokar ƙasa ta yarda a aurar da ɗiya mace, alhali ta ce namiji sai ya kai 18. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, 28 cikin 100 kuma kafin su cika 15. Wane uba ne zai yarda ya tura budurwa kwalej a wani gari mai nisa, alhali masu neman aurenta sun fara sallama a ƙofar gida?

Gwamnati ba ta yi shiru ba. Ranar 5 ga Disamba 2017 ta sa hannu kan dokar kare ɗiya mace da ke karatu har ta kai shekara 16. A 2021 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Bazum Mohamed, ya soma buɗe gidajen kwanan ƴan mata ƴan kwalej, kamar na Kelle a jahar Damagaram. Amma gidan kwanan kwalej ba ya amfanar yarinyar da ba ta kai kwalej ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan ne amfanin makarantar rainon yara, wadda aka fi sani da jardan, yake fitowa. Riba biyu take kawowa: ƙaramar yarinya ta saba da aji, ta shiga firamare kan lokaci, yayarta kuma ta sauke goyo ta koma karatu. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta tanadi wannan mataki domin yara masu shekara uku zuwa biyar. Tun 1990 taron duniya na Jomtiyen, a ƙasar Tailan, ya amince cewa koyo yana farawa ne daga haihuwa, kuma a 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki alkawarin samar da wannan karatu ga kowane yaro, mace da namiji, kafin 2030. Duk da haka, yaran Nijar da ke samunsa ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, akasarinsu a manyan birane. Abin lura shi ne, inda aka buɗe jardan, yawan mata da maza yakan zo kusan daidai. Ashe iyaye ba su ƙi ba; wurin kai yaran ne ya yi ƙaranci.

Jardan ɗin da za ta yi ƙarko a Kawar tana da sharuɗɗa. Na farko shi ne harshe. Yaro ɗan shekara huɗu da Barbarci ko Tubanci yake tunani, kuma dokar 2001 ta lissafa su duka cikin harsunan ƙasa. Nijar ta gwada koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, saboda haka ba sabon abu ba ne. Na biyu, malama ƴar gari ta fi wadda aka turo daga nesa, wadda tun ranar saukarta take ƙirga kwanakin komawa. Na uku, ginin ƙasa maimakon rumfar kara. Ba a manta da gobarar Afrilu 2021 a unguwar Peyi-Ba ta Yamai ba, wadda ta kashe yara kimanin 20, da ta Maraɗi a Nuwamban wannan shekara, wadda ta kashe fiye da haka, har gwamnati ta hana ajin kara ga ƙananan yara. Na huɗu, adalci cikin aji: idan shara da ɗiban ruwa na mata ne kaɗai, allo da wasa na maza, to an kwaso rabon gida an kawo shi lakwal. A kuma tsara lokaci yadda ba zai ci karo da makarantar allo ba.

Ma'aikacin da ke rarraba malamai daga Agadas ya tuna cewa jahar ba ta ƙare a bakin Tenere ba. Magajin gari ya tabbatar kowace jaririya ta samu takardar haihuwa, domin da ita ake sanin shekarar shigarta aji. Ɗan kasuwar da motarsa ke shan ruwan Sigidin kuwa, buhun siminti goma da tabarmi da alluna ba za su karya masa jari ba. Allah ya sa masu hali su ji.