Wai Don Ta Riƙe Fartanya Aka Sa Ta Boko?

'Yan'uwana mata, manya da ƙanana, matan aure da 'yan mata. Yau da mu zan yi, kuma don Allah kada wadda ta ji haushi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye mata a wannan yanki namu, tun daga Kiyako har Birnin Kudu da Gwaram. Da zarar yarinya 'yar ƙaramar sakandare ta dawo gida da ƙasa a jikin yunifom ta ce yau malamin noma ya fita da su gona, sai ki ji uwa ta hau sababi: "Wai don ta riƙe fartanya na sa ta boko? In noma ne ai ga gonar ubanta nan." Haba baiwar Allah! Tuwon da kika tuƙa jiya da daddare, daga ofis ya fito?

Wannan raini shi ya kashe darasin noma a makarantunmu, kuma da hannunmu a ciki. Tun 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, har makarantu aka sa suka yi gonaki. Da aka soma tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an sa noma cikin darussan ƙaramar sakandare don yaro ya fito da abin yi a hannunsa. To ina aka kwana? Noma ya koma kan allo. Malami ya zana hoton masara da alli, yara su kwafe, su haddace sunayen ƙasa iri-iri da Turanci, su ci jarrabawa, amma ki miƙa wa ɗaya daga cikinsu buhun taki ki ce ya gaya miki ma'anar lambobin nan 15-15-15 da ke jiki, sai ya tsaya yana zare ido.

Abin da ya fi ciwo ma shi ne yadda aka mai da fartanya bulala. Yaro ya makara, a ce ya je ya nome bayan aji. Yarinya ta yi surutu, a miƙa mata lauje. Shekara uku ana nuna wa yaro cewa taɓa ƙasa hukuncin mai laifi ne, sannan a dawo ana mamakin don me samari suke barin gona suna tafiya ci-rani Kano da Legas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun tanƙwara namu ya ba gona baya.

Na san abin da wata za ta ce: ai ɗan ƙauye tun yana goye yake zuwa gona, me makaranta za ta ƙara masa? Gaskiya ne ya iya huɗa da shuka da noman firi, kuma ba wanda ya isa ya raina sanin iyayenmu. Amma ga kaɗan daga abin da ba ya samu a gonar gida.

Na farko, gwajin iri. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa, bayan kamar mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro. In rabi ne suka fito, an san irin ya mutu tun kafin a zuba shi a gona a yi asarar damina. Wannan lissafi ne, kimiyya ce, kuma yarinya 'yar shekara 12 za ta iya yin sa a gindin randa.

Na biyu, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kowa ya san yana cinye dawa da gero, amma mutum nawa suka san cewa tushe ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira? Wanda ya san haka zai tuge shi tun bai yi fure ba. Haka nan in malami ya tuge wake ko gyaɗa ya nuna wa yara 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, ya gaya musu nan ne ake ƙara wa ƙasa ƙarfi, sun gane dalilin da ya sa kakanni suke haɗa gero da wake. Gani ya kori ji.

Na uku, kuma nan ne ya shafe mu kai tsaye, ajiyar wake. Mu ne masu rumbu da ɗakin ajiya, mu ne masu dafawa. Gidaje nawa ake barbaɗa wa wake fiya-fiya don gudun ƙwari, sannan a dafa wa yara? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan gubar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ce ba zai ci ba, shi muke zuba wa 'ya'yanmu a kwano. Alhali akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam. Iska ta ƙare, ƙwarin su mutu, ba ɗigon magani. Yarinyar da ta ɗaure wannan buhu da hannunta a makaranta, ta buɗe bayan wata uku ta ga wake garau, ba za ta taɓa sa wa mijinta da 'ya'yanta guba ba.

Na huɗu, itatuwa. Kowace mai girki ta san yadda itace da gawayi suka yi tsada, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana. Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa a gona suna da rai. Aka koya wa manoma su bar tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su sare sauran. Da wannan 'yar dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Wuƙa kawai ake buƙata da sani. Ga gawo nan, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana ta sha taki. Me zai hana ɗan aji biyu ya koyi wannan a filin makarantarsu? Balle mu Musulmi mun san dasa itace sadaka ce mai gudana.

Masu cewa noma ba na mata ba ne, ina tambaya: wa ke kiwon akuya da kaji a gida? Wa ke sussuka da casa da surfe? Wa ke matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli, ta gyara riɗi da zoɓo? Rabin aikin gona a tsakar gida yake ƙarewa. Matar da ta san a yi wa kaji rigakafi kafin annobar hunturu ta shigo, ta tsare jarinta. Ko tana cikin kulle, zogale da alayyahu da yakuwa suna fitowa a bayan ɗaki da ruwan wanke-wanke. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowace mace ta san abin da kuɗin cefane ya zama.

Wani ƙorafi guda kam na yarda da shi: in malami zai kwashi yara ya kai su gonarsa su yi masa aikin banza da sunan darasi, wannan zalunci ne, kuma a tsaya a hana. Gonar makaranta ta yara ce. Kowane rukuni ya samu kunyoyinsa, su rubuta ranar shuka da abin da aka kashe da abin da aka girbe, a sayar, su ga inda kuɗin ya shiga. Sai dai ba a ƙin tuwo don an taɓa cin karo da tsakuwa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da sabuwar manhaja mai ɗauke da darussan sana'a, ciki har da kiwo da noman lambu. Takarda dai ba ta tsiro. In ba mu tashi ba, wannan ma a allo zai ƙare kamar na baya.

Saboda haka 'yar'uwa, ranar taron iyaye da malamai ki je, ko ki sa maigida ya je, a tambayi shugaban makaranta ina gonar makaranta take, kuma a roƙe shi a daina horo da fartanya. Ki ba 'yarki ɗan fili a bayan ɗaki da gwangwanin iri. In ta dawo da ƙasa a riga, ki tambaye ta me ta shuka, ki sa mata albarka. Sabulu ɗaya ne zai wanke rigar.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace, amin. Wassalam.