Zauren Fasaha: Littafin Bashin Alhaji da Kalmar "Ci"

 

Ranar wata Lahadi na hau bensikin, na ratsa cunkoson Ndokoti, na je gaishe da yayana a Cité des Palmiers. Na tarar da ɗansa, wanda ke karatun kwamfuta, ya yi tagumi a gaban na'ura. Ya ce, "Baffa, jarrabawa ta matso. Na haddace duk bayanin da aka ba mu a kan tsara manhaja ta hanyar abubuwa, amma in aka ce in rubuta da kaina sai kaina ya ɗaure." Na duba takardunsa, duk misalan na kare ne da kyanwa. Sai na ce ya ɗauko mini littafin bashin mahaifinsa, wanda ke sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kongo.

To, mai karatu, ga abin da muka gani. Kowane shafi tsarinsa ɗaya ne: gurbin suna, gurbin unguwa, gurbin kuɗin da ake bi. Wannan tsari, tun kafin a rubuta sunan kowa, shi masana ke kira kilas. Shafin da aka cika wa wata Hajiya da ake bi sefa 25,000 kuwa, shi ne abu. Kilas ɗaya ne, amma abubuwan da za a fitar daga cikinsa ba su da iyaka, kuma bashin wannan ba ya shiga shafin wancan.

Na tambayi yaron me ake yi da shafin. Ya ce abu 3 ne: a ƙara bashi in an ɗauki kaya, a rage in an biya, a duba saura. Na ce to waɗannan su ne metod, wato ayyukan da kilas ya amince a yi. Kuma ka lura, mahaifinka ba ya barin yaron shago ya goge lamba ya rubuta wata. Haka ake yi a manhaja: a ɓoye adadin bashin, ba mai taɓa shi sai ta ƙofar waɗannan ayyuka. A bakin ƙofar ne za ka kafa sharaɗi, misali kada a karɓi biyan da ya fi bashin yawa.

Saura wanda ya fi ba shi wahala, abin da malamansu ke kira surcharge da Faransanci, wato a ɗora wa suna ɗaya ayyuka da yawa. Nan na yi dariya, don kuwa Bahaushe ya daɗe da wannan sana'a. Ɗauki kalmar "ci". Mutum ya ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana. Kalma ɗaya ce, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa, domin abin da ya biyo bayanta shi ke fayyace nufi. Haka kwamfuta take yi. Muka rubuta ayyuka 3 a harshen Java, duk sunansu biya:

biya(5000): a rage sefa 5,000 daga bashin.
biya(5000, "direba ya kawo"): a rage, a kuma ajiye bayani.
biya(): an biya duka, a rufe shafin.

Na'ura tana duban yawan abin da aka sa cikin baka, da irinsa, da jerinsa, sannan ta zaɓi aikin da ya dace.

Da yaron ya ga abin ya yi aiki, sai zumuɗi ya ɗebe shi. Ya ce ai wasu kan dawo da kaya maimakon kuɗi, bari ya ƙara biya ta huɗu mai karɓar yawan turamen atamfa. Java ta ƙi. Dalili kuwa, in an rubuta biya(2), sefa 2 ake nufi ko turmi 2? Duka lamba ce, kuma na'ura ba ruwanta da sunan da ka laƙaba wa lambar. Maganin shi ne a ba aikin sunansa daban, muka kira shi mayar. A riƙe wannan: ana tara ayyuka ƙarƙashin suna ɗaya ne in manufarsu ɗaya ce.

Masu koyon Python kuma su yi hattara. Can in ka rubuta aiki 2 da suna ɗaya cikin kilas, ba za a tsawata maka ba, na biyun ne zai maye gurbin na farko shiru. A makaranta wannan asarar maki ce. A shago kuwa rigima ce tsakanin Alhaji da abokin cinikinsa na shekara 20, kuma kowa ya san amana ita ce jarin ɗan kasuwa.

Wannan hanya ba yau aka fara ta ba. Mutum 2 ne 'yan ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka kawo kilas cikin harshen Simula a 1967, don kwaikwayon al'amuran duniya a cikin na'ura. Bjarne Stroustrup ya fara aikinsa a Amurka a 1979, aikin da ya samu sunan C++ a 1983. Java ta fito a 1995 daga kamfanin Sun Microsystems. Ashe tun asali daga rayuwar yau da kullum aka ɗauko dabarar, don haka wanda ya tashi a kasuwa ba baƙo ba ne a wannan fage.

Shawarata ga ɗalibanmu ita ce, hadda ba ta koyar da wannan sana'a, kamar yadda kallon tela ba ya mai da mutum tela. Zana kilas ɗinka a takarda tukuna, ka buga da hannunka, ka karanta saƙon kuskure har ka gane shi. Kada ka kwafi aikin abokinka, don ranar jarrabawa ba ya zaune kusa da kai. Iyaye kuma, in yaro ya nemi ganin littafin shago, a nuna masa, ko da za a rufe sunayen mutane.

Ga aikin gida kafin wata mai zuwa: a rubuta kilas na adashi mai mutum 10, da aikin zuba iri 2, ɗaya na zubin mako guda, ɗaya na wanda ya haɗa makonni da yawa. A aiko ta ofishin wannan mujalla, za mu buga wanda ya fi tsafta.